Ma'aunin Tsirkiya da Jitar Bas: Ina Za a Sa Wayar?

A yawancin majami'unmu na birni, har da na ƙauyuka da dama, yanzu akwai jitar bas cikin kayan kiɗan matasa. Ita ce doguwar jitan nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda mutum yakan ji muryarta har a ƙirjinsa. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da irin wadda ta bazu a duniya, a shekara ta 1951. Mutane ba su cika lura da ita ba, gama ba ta jan kunne kamar ganga. Amma a kanta sauran muryoyi suke tsayawa, kamar ɗaki bisa harsashinsa. In ta karkace kaɗan, sai mawaƙa su bi ta, jama'a su bi mawaƙa, waƙa ta yi tsami, ba wanda ya san inda laifin yake.

Mai gurmi da mai goge da kunne suke daidaita tsirkiyarsu. Mai bas kuwa kunne ba ya isarsa koyaushe. Ga dalili. Kowane sauti girgiza ne. Tsirkiya mafi kauri, wadda ake kira E, tana girgiza wajen sau 41 cikin sakan guda. Mai bi mata, watau A, sau 55. D wajen sau 73. G kuma sau 98. Idan jitar mai tsirkiya biyar ce, ta biyar ɗin, B, wajen sau 31 kaɗai. Sautin da ya yi ƙasa haka yana da wuyar aunawa da kunne, balle ana kaɗa ganga a gefe. Saboda haka aka yi na'urar da ke ƙirga girgizar, ta nuna wa makaɗi da fitila ko da allura in tsirkiyarsa ta yi sama ko ta yi ƙasa. Makaɗa suna ce mata tuna. Mu a nan za mu ce ma'auni.

Akwai ƙananan ma'aunai na hannu. Kamfanin Korg na ƙasar Japan ya fito da irinsu mai allura tun 1975. Akwai na takawa da ƙafa. Akwai kuma babba, wanda ake ɗaurewa da kusoshi cikin akwatin da ake jera na'urori, wanda ake kira rak. Faɗin na'urar rak inci 19 ne, ma'aunin kuma yakan ci gurbi ɗaya, watau inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Amfaninsa biyu ne. Fitilunsa manya ne, ana ganinsu daga nesa. Sa'an nan yana zaune wuri ɗaya da amplifaya, ba ya shiga aljihun kowa ya kwana a gida ran Lahadi.

Hanyoyi uku na haɗa shi

To, ga inda ake yawan tuntuɓe. An sayi ma'auni, amma ina za a sa wayarsa? Hanyoyi uku ne.

Ta fari ita ce mafi kyau. Ku duba bayan amplifaya ko gabanta. Da yawa suna da wata kafa da aka rubuta TUNER OUT a kanta. Ku ɗauki gajeriyar wayar jita, ku haɗa wannan kafa da mashigar ma'auni. Ta haka jita tana shiga amplifaya kai tsaye, ma'auni kuwa yana samun rabonsa daga gefe, ba ya taɓa sautin da jama'a ke ji. A yawancin amplifayoyi wannan kafa ba ta daina aiki ko an danna maɓallin MUTE, wanda ke rufe bakin lasifika. Makaɗi zai iya gyara tsirkiyarsa shiru, ana cikin addu'a ko karatu, ba wanda ya damu.

Ta biyu ta amplifayar da ba ta da wannan kafa ce. Sai jita ta shiga ma'auni, wata waya ta fita daga ma'auni zuwa amplifaya. Ma'aunan rak da yawa suna da nasu maɓallin yin shiru, wasu har da na takawa. Amma ku sani, sautin duka ta cikinsa yake bi. Idan ya lalace ko wutarsa ta ɗauke, yana yiwuwa jita ta yi shiru a tsakiyar waƙa. Ku gwada tun a wurin koyon waƙa: ku kashe shi, ku ji ko sauti yana wucewa.

Ta uku ita ce kafar da aka rubuta SEND, wadda ke tafiya tare da RETURN. Tana aiki, amma a wasu amplifayoyi da zarar an sa waya a SEND sai sauti ya yanke, har sai an komo da shi ta RETURN. Wannan ma sai an gwada.

Kafofin da za a guje wa

Kada a kuskura a haɗa ma'auni da kafar da aka rubuta SPEAKER. Ƙarfin da ke fita daga nan na tura manyan lasifikoki ne, yana iya kai wat ɗari uku ko fiye. Zai ƙone ma'auni, ya kuma iya jawo wa amplifaya lahani. Abin da ke ruɗin yara shi ne, sau da yawa kafofin kamarsu ɗaya, waya ɗaya tana shiga duka. A karanta rubutun kafin a sa waya.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke fitowa. Wanda aka yi domin bolt 120 kaɗai, in an sa shi a soket ɗinmu ba tiransifoma, hayaƙi za a gani. Ku duba rubutun da ke kusa da mashigar wuta tun a shago, kafin a biya kuɗi. Rigakafi ya fi magani.

Cikin akwati kuma, a sa amplifaya a ƙasa domin nauyinta, ma'auni a sama domin ido. A bar mata hanyar iska, gama tana zafi.

Yadda za a yi awo

Da fari a tabbata ma'auni yana kan 440. Wannan shi ne yawan girgizar sautin A da aka yi yarjejeniya a kansa a wani taron ƙasashe a Landan a 1939. Kibod ma a kansa yake fitowa daga masana'anta. Idan wani yaro ya danna ma'auni ya koma 445, fitila za ta ce daidai ne, amma bas da kibod ba za su jitu ba.

A kaɗa tsirkiya ɗaya a hankali, a dafe sauran. A ɗan jira, gama da bugun farko sauti yakan yi sama kaɗan kafin ya zauna. In fitila tana rawa a kan E ko B, a ɗora yatsa kawai bisa tsirkiya daidai kan ƙarfe na 12, kada a danne, a kaɗa. Girgizar za ta ninka, 41 ya zama 82, ma'auni kuma ya fi saurin kama ta. In tsirkiya ta wuce, a sassauta ta ƙasa da inda ake so, kana a ɗaure ta zuwa sama. Haka ta fi riƙewa.

Wuyan jita itace ne. Da hunturu yana bushewa, da damina yana shan laima, tsirkiya kuwa tana bin sa. Jitar da aka ɗauko daga rana zuwa inuwa ma takan sauya. Domin haka awon ran Asabar ba ya isa ran Lahadi. A auna kafin sujada, a sake aunawa shiru kafin kowace waƙa.

Ya ku iyaye da dattawa, kuɗin waɗannan kaya daga baikon jama'a suke fitowa. Idan matasa suka roƙi ma'auni, ba kayan ado suke nema ba. Amma ku yi musu tambaya uku kafin ku buɗe asusu: amplifayarmu tana da kafar ma'auni? Wace wuta wannan yake ci? Wa zai koya wa ƙananan yara inda ake sa waya? Idan sun amsa duka ukun, ku saya musu da zuciya ɗaya.