Sigogin bayanai na allon kwafi da ja-da-ajiyewa

Sigogin bayanai na allon kwafi su ne nau'o'in da manhajar kwamfuta ke zuba bayani a cikinsu idan mutum ya kwafi abu ko ya yanke shi domin ya liƙa a wani wuri. Allon kwafi, wanda ake kira kilifbod, ma'ajiya ce ta wucin gadi da manhajoji ke musayar rubutu da hoto da fayil ta cikinta. Da irin waɗannan sigogi ake aiki idan aka ja abu da linzamin kwamfuta daga wata taga aka ajiye shi a wata. A mafi yawan lokuta abin da aka kwafa yana zama a sigogi da yawa a lokaci guda, manhajar da za ta karɓa ce ke zaɓar wadda ta gane. Wannan zaɓi ne ke sa rubutun Hausa ya isa inda aka kai shi da haruffansa masu lanƙwasa, ko ya isa a lalace.

Tarihi

Larry Tesler da Tim Mott ne suka shigar da yankewa da kwafa da liƙawa cikin manhajar rubutu mai suna Gypsy, a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka, a tsakiyar shekarun 1970. Kwamfutocin Apple Lisa na 1983 da Macintosh na 1984 suka kai dabarar ga jama'a. Daga baya Microsoft ta fitar da OLE 2 a 1993, wanda ya ba manhajojin Windows hanya ɗaya ta miƙa bayani, ko ta allon kwafi ko ta ja-da-ajiyewa.

Yadda yake aiki

Idan aka kwafi sakin layi daga manhajar rubutu irin Word, manhajar kan ajiye shi a matsayin tsurar rubutu, da RTF mai ɗauke da kauri da girman haruffa, da HTML, wani lokaci har da hoto. Ana jera su daga mafi cikar bayani zuwa mafi sauƙi. Notepad tsurar rubutu kawai yake ɗauka, shi ya sa ado ke ɓacewa idan an liƙa a cikinsa. Shafin imel kuwa yakan ɗauki HTML.

Domin kada a ɓata lokaci da ma'ajiya, manhaja na iya sanar da sunayen sigogin kawai, ba za ta haɗa bayanin ba sai an nema. A Windows saƙon WM_RENDERFORMAT ne ke shaida mata cewa lokacin ya yi.

Sigogi a manyan manhajoji

A Windows kowace siga tana da lamba. CF_TEXT, mai lamba 1, rubutu ne a tsohon tsarin haruffa na kwamfutar. CF_UNICODETEXT, mai lamba 13, rubutu ne na Unicode a tsarin UTF-16. CF_DIB, mai lamba 8, na hoto ne, CF_HDROP mai lamba 15 kuma jerin hanyoyin fayiloli ne. Mai tsara manhaja na iya yin rajistar tasa sigar da RegisterClipboardFormat, a ba shi lamba tsakanin 0xC000 da 0xFFFF. Ta haka RTF da HTML suke shiga. Idan manhaja ta nemi CF_TEXT alhali CF_UNICODETEXT ne aka ajiye, Windows da kanta take juya shi.

A macOS ana kiran allon NSPasteboard, kuma ana sanya wa sigogi sunaye irin su public.utf8-plain-text da public.html da public.file-url.

A Linux mai amfani da X11 babu ma'ajiya ta tsakiya. Manhajar da aka yi kwafi a cikinta ce ke riƙe da bayanin, mai karɓa ya tambaye ta TARGETS, wato jerin sigogin da take da su, sannan ya zaɓa. Saboda haka idan aka rufe ta kafin a liƙa, abin da aka kwafa na iya salwanta, sai dai in akwai wata manhaja mai kula da allon. Sigar STRING tana tsarin Latin-1 ne, UTF8_STRING kuma tana ɗaukar Unicode. Wayland yana amfani da sunayen MIME, kamar text/plain da text/html da image/png.

Ɗakunan kayan aikin masu tsara manhaja suna lulluɓe waɗannan bambance-bambance: Qt na da QMimeData, Java na da DataFlavor, .NET na da DataFormats.

Ja-da-ajiyewa

A ja-da-ajiyewa ɓangarori uku ne: tushen da aka ɗauko abin, ƙunshin bayanin, da wurin ajiyewa. Tun abin yana kan hanya, wurin ajiyewa ke duba jerin sigogin ya faɗi ko zai karɓa, shi ya sa alamar linzami ke sauyawa zuwa alamar hani a kan tagar da ba ta gane komai a ciki ba. Ana kuma daidaitawa kan abin da za a yi: kwafi, ko ɗaukewa gaba ɗaya, ko haɗa mahaɗi. A mai binciken fayil na Windows, jan fayil a cikin faifai ɗaya ɗaukewa ne, jansa zuwa filashi kuwa kwafi ne. Danna Ctrl na tilasta kwafi, Shift na tilasta ɗaukewa. Ba fayil ɗin kansa ake miƙawa ba, adireshinsa ne, a CF_HDROP a Windows ko text/uri-list a Linux.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa

Unicode ta ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa: Ɓ U+0181, ɓ U+0253, Ɗ U+018A, ɗ U+0257, Ƙ U+0198, ƙ U+0199, sai Ƴ U+01B3 da ƴ U+01B4 da ake amfani da su a Nijar. Tsarin Windows-1252, wanda kwamfutocin da aka saita da Turanci ke amfani da shi a CF_TEXT, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Daga nan ne matsaloli uku ke tasowa, kuma sunayen ƙofofin Katsina sun isa misali.

Ta farko, idan tsohuwar manhaja ta nemi CF_TEXT, harafin da ba shi da gurbi yakan koma alamar tambaya. Ƙofar Kwaya sai ta fito ?ofar Kwaya, Ƙofar Durɓi ta fito ?ofar Dur?i. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa sai da hannu, domin ainihin lambar ta riga ta tafi.

Ta biyu, a UTF-8 bayit biyu ne ke wakiltar ƙ, wato C6 da 99. Idan mai karɓa ya karanta su da Windows-1252, kowane bayit zai zama harafi dabam: ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya. A nan bayanin bai ɓace ba, ana iya dawo da shi idan aka sake karantawa da tsarin da ya dace.

Ta uku ta samo asali ne daga fon na musamman. A shekarun 1990, kafin Unicode ta yaɗu, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da fon masu haruffan Hausa, abin da ya sauƙaƙa buga littattafai. Fon irin na wancan zamani aron gurbin wasu alamu suke yi: a wasu, q da x da v ne ke fitowa da siffar ƙ da ɗ da ɓ, a wasu kuma alamomin } da ] da ~. Sunan fon ɗin yana tafiya a RTF, amma ba ya tafiya a tsurar rubutu. Ɗalibin da aka buga wa kundin digiri da irin wannan fon a shagon buga takardu zai ga komai daidai a takarda, amma da ya kwafo zuwa imel ko shafin intanet sai ya ga Qofar Qaura ko }asa.

Masu gyara da gaggawa sukan mayar da haruffan zuwa k da d da b, wanda ke sauya ma'ana: ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, ƙarya ta zama karya. Binciken kalma a cikin rubutun ma sai ya gagara, domin kwamfuta lamba take kwatantawa ba siffa ba.

Ƙa'idojin da masu tsara manhaja ke bi

Manhajar da ke ajiye rubutu ya kamata ta sanya sigar Unicode a kowane kwafi, ko da ta sanya tata ta musamman. Mai karɓa kuma ya fara neman CF_UNICODETEXT ko UTF8_STRING kafin tsofaffin sigogi, ya kuma tace HTML da fayilolin da aka ajiye masa, domin ba a san daga inda suka fito ba. Ga mai amfani, liƙa rubutu a Notepad gwaji ne mai sauƙi: idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito daidai, rubutun na Unicode ne. Idan q ko } suka fito, sai an bi shi da nema-da-musanyawa an mayar da kowace alama zuwa harafinta na ainihi kafin a tura shi ko'ina.

Duba kuma

Unicode
Rubutun Boko
UTF-8
Babbar manhaja