Ƙaramin majigi: tsakanin abin da kwali ya faɗa da abin da bango ya nuna

Lumen 9,000 aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin ƙaramin majigin da ƙanena ya sayo. Da muka kunna shi bayan la'asar, sai da muka sauke labule muka tura ƙofa kafin fuskokin mutane suka fito a bango, su ma dishi-dishi. Na tausaya masa, domin kuɗin guminsa ne.

Wannan lamba ita ce babbar ƙaryar kasuwar. Ma'aunin haske da za a iya riƙewa shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, inda ake auna haske a wurare 9 na hoton da ya sauka a bango a ɗauki matsakaici. Lambar da ba ta da wannan shaida, ko dai hasken ƙwan da ke ciki ne kafin ya ratsa gilasai ya zube, ko kuma shaci-faɗi ne kawai. Har kotu kamfanin Epson ya sha kai wasu masu ƙera majigi a Amurka kan wannan, wasunsu kuma suka amince suka rage lambobinsu. Majigin Nebula Capsule na farko, mai girman gwangwanin lemo, lumen 100 na ANSI masu shi suka ce yana da shi, kuma iyakar abin da ake tsammani ke nan daga abu mai wannan girma.

To amma masu cewa lumen 200 ba ya tsinana komai su ma sun wuce gona da iri. Haske rabuwa yake yi a kan fili: ka ninka faɗin hoto sau biyu, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa masu wasan tebur irin Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, suke rataye majigi a sama su hasko taswira kan tebur su samu biyan bukata. Hoto mai faɗin santimita 90 ba ya cin haske kamar kallon ƙwallo a bangon tsakar gida.

Abin da tebur ba ya yafewa shi ne ƙarancin ɗigon hoto. "Yana karɓar 4K" sau da yawa gaskiya ce, sai dai karɓa daban, nunawa daban. Na'urar za ta karɓa ta matse shi zuwa ɗigonta na asali, wataƙila 854 a faɗi. A kan santimita 90, kowane gidan taswira mai inci ɗaya zai samu ɗigo 24 ke nan, alhali mai 1,920 zai ba shi 54. Mutum yana zaune dab da tebur, sai ya ga ƙananan rubutu sun dagule.

Kafin saye a auna ɗaki. Yawancin ƙanana suna bukatar nisan mita 1.2 don faɗin mita ɗaya, saboda haka hoton santimita 90 na son majigi ya yi sama da tebur da santimita 108. Gyaran karkata da na'urar ke yi da kanta yana aiki, amma ɗigo yake yankewa. Gara a saita ta ta kalli tebur sak. Inuwar hannu kuwa ba makawa.

Batun batir, awannin da ake rubutawa yawanci na yanayin rage haske ne. Wasu ma, kamar The Freestyle na Samsung da ya fito a 2022, ba su da batir a ciki sam. Zancen cewa ƙwan LED na kai awa 20,000 zuwa 30,000 ba ƙarya ba ce, sai dai ba ƙwan ke fara gazawa ba. Masu araha na LCD guda fanka ke zuƙo musu iska, ƙurar hunturu ta bi ta zauna a kan gilashi ta zama baƙaƙen ɗige-ɗige, zafi kuma ya toya tsakiyar hoto ya bar tabo ruwan ƙasa. Na DLP galibi a rufe hanyar haskensu take, don haka sun fi jure ƙura.

Masu cewa majiginsu ya lalace don Netflix ya ƙi fitowa daga waya, lafiyarsa ƙalau. Kariyar haƙƙin mallaka ce ke baƙanta allon, sauti kaɗai ya fito. Ana magance shi da sandar kallo irin Fire TV a ramin HDMI, ko majigin da Netflix ya amince da shi tun daga kamfani.