Ciyawar Roba Bisa Ƙasar Yumɓu

A shirinmu na kimiyya na wannan mako za mu tafi birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka. A can, wadansu masu gidaje sukan shimfiɗa ciyawar roba a bayan gida, domin yara su sami wurin wasan ƙwallo. Wani yakan kashe kuɗi masu yawa, amma da an yi ruwan sama biyu ko uku sai ya tarar filin ya zama kududdufi. To, mene ne dalili?

Bari mu fara da ita ciyawar. Ba shuka ba ce, zaren roba ne ake dasawa jikin wata shimfiɗa kamar darduma. Masanan kamfanin Chemstrand ne suka ƙago ta, a ɗakin bincikensu da ke cikin ita wannan jiha. An fara gwada ta a wata makaranta a birnin Providence cikin 1964, sa'an nan a 1966 aka shimfiɗa ta a babban filin wasa na Astrodome a birnin Houston, daga nan ta sami sunan AstroTurf. Irin ta yanzu tana da ƙananan huji a gindi, ruwa kuwa yana ratsa ta nan da nan. Saboda haka laifin ba nata ba ne, na ƙasar da ke ƙarƙashinta ne.

Ƙasar Greensboro jan yumɓu ce, irin wadda mukan kira jangargari. Tsatsar ƙarfe da ke cikinta ita ta ba ta wannan launi. Da yumɓun wannan yanki ne magina tukwane na garin Seagrove suka yi suna. Bambancin yumɓu da rairayi kuwa wajen girman ƙwaya yake. Ƙwayar rairayi takan kai milimita 2, amma ta yumɓu ba ta kai kashi ɗaya cikin 500 na milimita ba. Tun da ƙwayoyin ƙanana ne haka, kafofin da ke tsakaninsu ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya wucewa sai a hankali. Kowane manomi ya san jigawa takan shanye ruwa kafin a koma gida, amma laka takan kwana da shi. Har wa yau, in manyan motocin gini suka tattake yumɓu yana ɗanye, sai 'yan kafofin nan su toshe, ya zama kamar daɓen ɗaki.

Ruwan kuwa ba kaɗan ba ne. Greensboro takan sami fiye da inci 40 a shekara, kuma ba ta da rani irin namu, kowane wata ana ruwa. Ku ɗauki fili mai tsawon ƙafa 50 da faɗin ƙafa 20. In aka yi ruwa inci ɗaya tak, abin da zai sauka a kansa ya kai lita 2,300, watau kusan garwa 130. Tilas wannan ruwa ya sami hanya. In ba a ba shi ba, shi zai nema da kansa, ko ya kwanta ƙarƙashin ciyawar ƙasa ta yi taushi ta lotsa, ko ya bi ta gindin ginin gida, ko ya shiga gidan maƙwabci a yi ta shari'a. Da hunturu kuma ruwan da ya kwanta yakan daskare ya kumbura, ya ɗaga filin ya bar shi tudu da kwari.

Ga yadda masu sanin aikin suke yi. Da farko sukan gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa, sa'an nan a riƙa aunawa. In ruwan bai sauka inci ɗaya cikin sa'a guda ba, to, ƙasar ba ta shan ruwa sosai. Kafin a soma haƙa kuma, a Amurka akan buga lamba 811, domin a zo a nuna inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi.

Na biyu, a kwashe ƙasar sama kamar inci 4 zuwa 6, a gyara gindin ya ɗan karkata nesa da gida, misalin inci ɗaya cikin kowace ƙafa 8. Ido ba ya ganin wannan gangara, amma ruwa yana gani. Kada a yi aikin nan ƙasa tana jiƙe.

Na uku, a haƙa kwata ta gefen gangaren, a sa bututu mai huji-huji, a rufe da tsakuwa, a kai bakinsa inda hukuma ta yarda ruwa ya fita. Wani Ba'amurke, Henry French, shi ya bayyana wannan dabara cikin littafinsa na 1859, har yau da sunansa ake kiranta.

Na huɗu, a shimfiɗa wani irin ƙyalle mai barin ruwa ya wuce amma ya tare laka, don kada yumɓu ya haura ya cika kafofin tsakuwa. Bisa kansa a zuba fasasshen dutse, kaɗan kaɗan, ana daɓewa da inji. Fasasshen dutse ya fi tsakuwar rafi, gama kusurwoyinsa sukan kama juna. Daga ƙarshe ne za a shimfiɗa ciyawar, a kafe gefenta, a barbaɗa yashi don zaren ya miƙe.

Wannan bayani ya shafe mu, gama filayen ƙwallo na ciyawar roba suna yawaita a biranenmu kamar Kano da Kaduna, inda ruwan shekara ke zuba cikin 'yan watanni. A baƙar ƙasar firki ta Borno kuwa, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, sai an ƙara zurfin dutse. Ku kuma tuna, da tsakar rana zafin robar yakan wuce digiri 60 a ma'aunin santigireti, ya isa ya ƙona ƙafar yaro.

Saboda haka wanda zai ba da aikin nan, kafin ya tambayi launin ciyawa, ya tambayi ɗan kwangila ina ruwa zai bi.