"Kin Ga Fim Ɗin Nan Kuwa?": Tallar Da Ba A Biya, Amma Ita Ke Ɗaga Fim Ko Ta Kwantar Da Shi

DUK furodusan da ya daɗe a harkar fim ya san akwai wani ɗan talla da bai taɓa biyan sa ko sisi ba, amma a hannunsa makomar fim ɗinsa take. Ba mai buga fasta ba ne, ba kuma mai gabatar da shiri a rediyo ba. Yarinyar nan ce da ta kalli fim daren jiya, gari na wayewa ta tari ƙawarta a hanyar Islamiyya da cewa, "Ke, kin ga fim ɗin nan kuwa?" Ko kuma saurayin nan da ke zuwa majalisa bayan Isha'i ya hana kowa sakat da labarin abin da ya kalla. Maganar da ke biyo bayan wannan tambaya, walau "wallahi ki nema" ko "kar ma ki ɓata kuɗinki", ta fi kowace tirela ƙarfi.

Tun farko ma a haka industiri ta tashi. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a Kano a 1990, babu mujallar fim ta Hausa ko ɗaya, sai a 1998 aka samu 'Tauraruwa'. Wanda ya kalla shi ke gaya wa wanda bai kalla ba, shi ke nan. Ko da harkar ta bunƙasa aka fara manna fastoci a bango, bakin 'yan kallo bai sauka daga kujerarsa ba.

Dubi 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Waƙar ce ta riga fim ɗin shiga gidaje. Ana jin ta a motar haya, ana jin ta a gidan biki. Amma abin da ya sa mata suka riƙa aiken yara neman kaset ɗin shi ne labarin da maƙwabciya ta kawo: wai wata 'yar aiki ce, Zubaina (Fati Mohammed), a gidan sarauta, Maina (Ali Nuhu) ya faɗa son ta, ita kuma Kilishi (Hauwa Ali Dodo) ta sa ta a gaba da wulaƙanci. Mai ba da labarin takan tsaya daidai inda ya yi daɗi ta ce, "Sauran sai kin gani da idonki." To wa zai iya haƙuri?

'Wasila' na Yakubu Lere, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni a 2000, shi kuma gardama ce ta sayar da shi. Labarin matar aure da ta ci amanar mijinta ya raba majalisu gida biyu, masu tausaya mata da masu cewa ita ta ja wa kanta. Abin dariyar, masu zagin fim ɗin su ma talla suke masa ba su sani ba, don duk wanda ya ji ana ta da jijiyar wuya a kan Jamilu da Wasila sai ya ce bari shi ma ya je ya gani.

Dalilin da ya sa wannan magana ta baki ke hana furodusa barci yana cikin yadda ake cinikin fim a zamanin kaset. Furodusa kwali yake bugawa ya kai wa dillalai a Bata da Ƙofar Wambai tare da uwar kaset, su kuma su riƙa gurzawa a nasu kaset ɗin suna sawa a kwalin. Kuɗin kwalin da aka sayar ne rabonsa, wanda ya yi kwantai kuwa shi za a mayar wa. Don haka kwanakin farko su ne komai. In 'yan kallon farko suka fito suna yabo, kafin mako ya zagayo dillali na neman ƙarin kwali. In kuwa suka taɓe baki, mutum ya tashi da buhunan kwali a ɗaki da bashin 'yan wasa a wuya. 'Yan sarin da ke zuwa Kano daga Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram ba sa zama su kalli kowane fim kafin su saya. Tambaya ɗaya suke yi: "Wanne ne ke tafiya?"

A unguwa kuwa, babban alƙali shi ne mai shagon haya. Ya san Hajiyar da ba ta son komai sai fim ɗin kishiyoyi, ya san samarin da ke neman na Ibro, ya san amaryar da in babu waƙa uku a fim to a wurinta ba fim ba ne. Da yake 'yan fim sun iya yaudara da kwali, a manna hoton babban jarumi alhali fitowa biyu kacal ya yi, sai mutane suka koma tambayar mai shago: "Tsakaninka da Allah, yana da kyau?" Mai shagon da ya cika cusa wa mutane tarkace don kawai kaset ɗinsa ya fita, ba ya daɗewa ake komawa shagon gaba.

Sai dai wannan soyayya ta 'yan kallo tana da wani gefe mai ciwo. Ƙawar da ta ce "ki nema" ita ce dai ke ƙarawa da "bari in aiko miki da nawa". Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, ya dawo yana tsalle-tsalle hoto ya dishe, furodusa kuwa kuɗin kwali ɗaya ya gani. Da faifan sidi ya zo kwafa ta ƙara sauƙi. Da wayoyi masu memori suka yawaita, sai 'yan dawunlodin suka kafa tebur a bakin titi suna tura fim a kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Kafin a kai 2020 kasuwar sidi ta durƙushe. Fim ya yi suna a kowane lungu, mai fim na neman na cefane.

A shekarar 2020 ne 'Izzar So' na Lawan Ahmad ya nuna wa 'yan fim cewa akwai wata kasuwar a YouTube, 'Labarina' na Aminu Saira shi ma ya fito a shekarar, a tashar Arewa24 da kuma YouTube. Babu kwali, babu dillali. Me ya kai mutane can? Bakin nan dai. Wata ta ɗora guntun Umar Hashim da Hajiya Nafisa a sitatus ɗinta na WhatsApp, wani ya kira ɗan'uwansa a Jidda ko Kumasi ya ce masa ya nemi 'Labarina' ya ga abin da Baba Ɗan Audu ke aikatawa. Abin da ya canza shi ne yanzu kowane kallo ana ƙirga shi, kuma da wannan ƙirgen mai fim ke samun kuɗin talla. Saboda haka wanda ya tura wa abokinsa adireshin fim a tashar mai shi ya taimaki mai fim, wanda kuwa ya sauke ya tura ta Xender ya maimaita aron kaset ne da sabon salo. Ba a ce data ba ta da tsada ba, tana da shi, kuma ɗalibi ya fi kowa sani. Amma mai cewa shi masoyin jarumi wane ne na mutuwa, alhali ko sau ɗaya bai taɓa kallon sa a tasharsa ba, to soyayyar tasa da sauran magana.

Shi kansa mai ba da shawarar yana da abin da zai iya rasawa, wato mutuncinsa. Kusan kowane gida an taɓa yin irin wannan daren: Yaya ya kawo fim yana ta kurantawa, an taru a falo har da su Baba da Umma, ana cikin kallo sai ga wata rawa da shigar da ba ta dace ba. Baba ya yi gyaran murya ya miƙe, Umma ta ce a kashe, ido ya koma kan wanda ya kawo. Tun 2001 Jihar Kano ke da Hukumar Tace Finafinai, amma a cikin gida mai tacewa na ƙarshe shi ne wanda ya ce "ku kalla". Shi ya sa gwanaye a wannan fanni ba sa tsayawa a "ya yi kyau". Sukan faɗi irin sa, na ban dariya ne ko na kuka, sukan faɗi da wa za a iya kallo, a yanzu kuma har da yawan zangon da ya kai, don kada mutum ya shiga abin da zai cinye masa data wata uku.

Akwai kuma masu ƙona labari. Su ba sa iya cewa fim ya yi kyau sai sun gaya maka wanda ya mutu da wanda ya auri wa. A da sai ka haɗu da su a majalisa, kana iya toshe kunne ka tashi. Yanzu shiri na ƙarewa sun watsa ƙarshensa a Facebook da TikTok, wanda wuta ta ɗauke masa ko cajinsa ya ƙare ya wayi gari an gama masa komai. Kusa da su akwai 'yan ɓangare, waɗanda duk fim ɗin gwaninsu "ya haɗu" tun kafin su kalla, na abokin hamayyarsa kuwa shirme ne ko da ba su ga ko fastarsa ba. Irin waɗannan, in ka bi shawararsu sau biyu ka ƙone, a na uku da sun fara magana sai ka ce, "To, Allah ya ba mu lokaci."

Wani abin sha'awa shi ne yadda tsofaffin finafinai suka dawo cikin hira, tunda an ɗora da yawansu a YouTube. Yayar da ta sake kallon 'Mujadala' kwanan nan za ta kira ƙanwarta da aka haifa bayan fitowarsa ta ce lallai ta nema, ta zauna tana nuna mata: wannan shi ne Ahmad S. Nuhu, ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. Daraktan kuma marigayi Tijjani Ibrahim ne. In 'Sangaya' ne, ta nuna mata Biba Problem, wadda ita ma ta rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2010. Allah ya jiƙan su da rahama. Sai dai takan haɗa da gargaɗi tun kafin a kunna: hoton ya dishe, kiɗan fiyanon zai ba ta dariya, ta daure wa minti goman farko kafin ta ce komai.