Sa Sabuwar Katifa a Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Jirgin ruwa mai filafilai, watau wanda iska ke turawa, yana da 'yan wuraren kwana a cikinsa. Masu ƙetare tekun Atilantika daga Las Palmas zuwa tsibirin Sen Lusiya, wajen mil 2,700, sukan yi mako biyu zuwa uku bisa ruwa, suna karɓa-karɓar tuƙi dare da rana. Wanda bai ƙoshi da barci ba, in ya kama tuƙi, ya jefa 'yan'uwansa cikin haɗari. Shi ya sa nake ganin zancen katifa a nan ba wasa ba ne.

Mu a ɗakin kwananmu na makaranta, kowace katifa takan hau kowane gado. A jirgi kuwa ba haka ba ne. Gadon da ke goshin jirgi mai kusurwa uku ne, wajen ƙafa tsukakke, bangon kuma a karkace yake. Sai a shimfiɗa takarda mai kauri, irin ta buhun siminti, a zana siffar gadon, sa'an nan a yanka soson a jirkice yadda zai kwanta jikin bango. Akan raba shi biyu ko uku, domin ƙofar shiga ƙunci gare ta, ga kuma rumbunan kaya a ƙarƙashin gado da ake buɗewa kullum. Kauri inci 4 zuwa 6 ya isa, in ya wuce haka mutum ya riƙa buga kai da rufi.

Amma babban abokin gaba shi ne laima, kuma ta ƙasa take bullowa. Jikin mai barci da ɗumi, katakon gado kuwa ruwan teku ya sanyaya shi. Inda suka haɗu sai raɓa ta taru, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi. Kafin a ankara fumfuna ta cinye sabuwar katifa, ga wari, ga tari. Maganinta a jera siraran katako ko raga mai kauri a ƙasa don iska ta ratsa, a kuma riƙa jingine katifar da rana.

Rigar katifa ta zama mai cirewa a wanke, zif ɗinta na roba, gama gishirin teku ba ya barin ƙarfe. Har ila yau akan ɗaura tamfol a bakin gado, don in iska ta karkata jirgi kada mai barci ya mirgino ƙasa.