Karatun doktora: tabkin Madarunfa ma littafi ne

A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai wani karatu da ake kira doktora. Shi ne matakin ƙarshe na karatun boko. Ɗan manomi da ɗiyar makiyayi duk suna iya nemansa.

Hanyar tana da tsawo. Bayan jarrabawar bak, yaro zai yi shekara 3 ya samu lisans. Ya ƙara 2 ya samu mastar. Sannan ya nemi shiga doktora, wadda ke cin shekara 3 ko fiye.

Mai nema yana kai takardun shaidar karatunsa. Yana rubuta abin da yake so ya bincika, da dalili, da inda za shi. Sai kuma ya samu babban malami wanda ya yarda ya ja masa gora. In babu malamin, ba a karɓarsa.

Wani reshe na wannan karatu ya shafi rayuwar mutane. A nan ake haɗa ilimi iri-iri: tarihi, harshe, labarin ƙasa, shari'a da zaman jama'a. Don mi? Don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A dubi tabkin Madarunfa. Mai tarihi zai tambayi labarin waliyyai 99 da aka ce kabarinsu na kewaye da shi. Mai labarin ƙasa zai bi Gulbin Maraɗi har Jibiya, cikin Nijeriya, inda aka yi madatsar ruwa. Mai shari'a zai duba burtali da iyakar gona. Wani zai zauna da masunta, wani da masu itace a dajin Babban Rafi. Ruwa ɗaya ne, amma in ya ragu kowa yana ji a jikinsa. Ɗalibin doktora shi ke haɗa maganar kowa wuri guda.

Irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi. Wani Bafaranshe, Claude Raynaut, ya zauna a Sumarana, ya rubuta littafi kan zaman mutanen garin. A 2006 kuma, Nijar ta gabatar wa Unesko tabkin da dajinsa da kaburburan, don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Amma amsoshin ba su cikin birni. Suna bakin tsofaffi. Tsohon da ya san inda ruwa ke kaiwa a da, in ya rasu ba a rubuta ba, shi ke nan.

Saboda haka iyaye su yi haƙuri da ɗan da karatu ya riƙe lokacin damina. In kuma ɗalibi ya zo da alƙalami yana tambaya, a shimfiɗa masa tabarma. A tambaye shi abin da zai yi da maganar. A roƙe shi ya komo ya karanta wa gari abin da ya rubuta, da Hausa.