Jan Fenti a Ɗaki: A Fara Tambayar Abin da Ke Cikin Gwangwani

Kwanakin baya na raka ƙanwata duba ɗakin da za a yi mata jere. Ta ga wani falo a waya, bangonsa ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu, ta kafe sai irinsa. Muka tarar mai fenti ya buɗe gwangwani, yana tsiyaya fetur daga tsohuwar gorar ruwa yana juyawa da kara, yaran gidan uku sun yi masa zobe. Na ce, "Malam, fentin nan akwai dalma a cikinsa?" Ya ɗago ya ce, "Hajiya, ai fenti fenti ne."

Ban ga laifinsa ba, yawancinmu haka muka ɗauka.

Ja ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Kakanninmu da jar ƙasa suka yi yaɓe, da makuba suka yi daɓe, ɗaki ya fito jajir. Wancan jan na tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa ne, kuma har yau akwai fentin da da ita ake haɗa launinsa. Matsalar tana ga wani jan. Don launi ya yi haske, ya bushe da wuri, ya daɗe, wasu masana'antu kan zuba sinadaran dalma, musamman a fenti mai maiƙo ja, rawaya da ruwan lemo. Binciken da aka yi kan fentin kasuwannin Najeriya ya sha gano hakan. Ido ba ya bambanta su, hanci ma haka.

Ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinare a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take aikinta. Bango ya tsufa, damina ta jiƙa shi, ya fara ɓarewa. Taga da ƙofa kullum suna gogayya, garin fentin na zuba ƙasa. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Wani ma ɓawon yake ɓantara ya tauna, don dalma tana da ɗan zaƙi-zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma babu adadin da za a ce ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Sai yaro ya shiga makaranta a yi ta ce masa daƙiƙi, ba wanda zai tuna da bangon ɗakin uwarsa. Mai ciki ma tana miƙa wa ɗan da ke cikinta.

Amurka ta hana dalma a fentin gidaje tun 1978. Ma'aunin da ƙasashe da dama ke bi yanzu shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Saboda haka a karanta jikin gwangwani, a nemi inda aka rubuta babu dalma. Fentin da ake aunawa a galan marar suna, komai arharsa, a bar shi. A bangon cikin ɗaki fentin ruwa ya fi aminci. Idan kuwa tsohon fenti mai maiƙo za a kankare, kada a goge shi a bushe: a fitar da yara da masu ciki, a yayyafa ruwa, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya sai dai ta tayar da garin.

Sauran abubuwan na aljihu ne da na ido. Ja mai duhu yana shanye haske, ɗakunanmu kuwa tagoginsu ƙanana, ga wuta ba ta zama. Ba ya rufe bango da shafa ɗaya, sai biyu ko uku, ranar da aka gaji da shi kuma farin da zai danne shi ya fi haka. Ƙurar hunturu a kansa take fara nunawa, sauro ma ya samu wurin laɓewa.

Ƙanwata dai ba ta haƙura da zoɓonta ba. Muka sasanta a kan bango ɗaya, wanda ke bayan kujeru, da fentin ruwa, sauran ukun ruwan madara. Mai fentin ya mayar da gwangwaninsa yana ƙunƙuni, aka bar tagogi a buɗe kwana huɗu kafin 'yan jere su shigo da kaya.